Kunnen da Muka Ƙaryata

Ranar Lahadi, 18 ga watan Mayu, 2025, wadda ta yi daidai da 20 ga Zulƙida, 1446, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Mudi Bakanike a wani asibiti a Gashua, bayan ya sha jinyar ciwon ƙoda. Aka ɗauko gawarsa zuwa Nguru, aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa bayan sallar La'asar. Ya bar matarsa Ya Meram, da 'yarsa Rumaisa, da jikoki huɗu. Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma, ba wanda zai yi saura.

Sunana Mahmud, tsohon malamin firamare ne ni a Gashua. Duk wanda ya san farar Fijo 504 ɗin nan da har yanzu take rarrafe a kan titunan garin, to ya san ni. Shekara talatin da huɗu na yi da sanin Mudi. Talatin daga ciki na yi su ina abokinsa. Huɗun ƙarshe kuwa su ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Mudi, tun ranar da muka binne ka nake jin ana yabonka. A rumfar makoki, a ƙofar masallaci, a tasha, kowa ya buɗe baki sai ya ce Nguru ta yi babban rashi. Gaskiya suke faɗa. Abin da yake ci mini rai shi ne, bakunan da suke wannan yabo su ne dai suka ce kunnenka ya mutu. Nawa bakin yana ciki.

A shekarar 1991 na sayi Fijon a hannun wani malamin gona da aka yi wa canjin wurin aiki. Ba ta yi wata uku a hannuna ba ta fara fizga. In na tsaya, sai jikinta ya yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi. In na ɗaga ƙafa daga totur, sai ta mutu. Kanikawa uku suka duba ta a Gashua, dukansu suka ce sai an sauke inji. Wani direban motar kifi ne ya ce da ni in daure in lallaɓa da ita Nguru, in bi ta bayan tashar jirgin ƙasa, in tambayi rumfar Mudi.

Na same ka a tsugune kana wanke kafireta a cikin kwanon fetur. Na yi sallama, ka amsa ba ka ɗago ba. Na kai hannu zan kashe motar, sai ka ce, "Kada ka kashe ta, Malam. Bar ta ta gama maganarta." Na zaci wasa kake. Ka ci gaba da wankinka, amma na lura ka karkata kai gefe guda. Sai da ka gama, ka goge hannu, sannan ka fara yi mini tambayoyi kamar alƙali: da safe ta fi yi ko in ta yi zafi? In ta ɗauki kaya tana ƙaruwa? A ina na sha mai na ƙarshe? Ka buɗe gabanta, ka zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya kana saurare, kana mayarwa. Ka ɗauko doguwar sukundireba, ka ɗora tsininta a jikin injin, ka manna ƙotarta a kunnenka, ka rufe ido. Daga nan sai ka sa hannu can ƙarƙashin kafireta, ka zaro wata 'yar robar iska da ba ta kai tsawon yatsa ba, ka nuna mini inda ta tsage. Ka yanke bakin da wuƙa, ka mayar. Karkarwar ta tsaya cak, kamar an ɗauke ta da hannu.

"Injinka lafiyarsa ƙalau," ka ce. "Iska take sha ta inda bai kamata ba. Zauna mu ci kifi."

Tun daga ranar ban sake yarda wani ya taɓa ta ba, har zuwa lokacin da zan ba da labarinsa.

Asalinka ɗan Gashua ne, Babade, daga gidan masunta na bakin kogi. Har ka bar duniya harshen Bade bai saki Hausarka ba, kuma ba ka taɓa jin kunyar hakan ba. Ka gaya mini mahaifinka ya so ka gaji taru da kwale-kwale, kai kuwa ka biyo ƙarar manyan motocin gyada zuwa Nguru, zamanin da jirgin ƙasa yake shigowa garin. A ƙarƙashin waɗannan motoci ka koyi aiki, ba makaranta, ba littafi. Amma ni da na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa ban ga malamin da ya iya rarrabe abu kamar yadda kake rarrabe kukan inji ba. Kakan ce wanda ya fito daga sama, siriri, mai kama da ƙarar agogo, ba abin tashin hankali ba ne, tafet ne suke neman a daidaita su. Tsuwa kuwa ta fanbel ce, ko ya saki ko ya tsufa. In mota tana tari, a duba abin da take sha. In tana harbi ta salansa, wuta ce ba ta zuwa a kan lokaci. Wanda kake tsoro shi ne bugu mai nauyi daga can ƙasa, wanda ake ji a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Shi ne in ka ji, fuskarka take canjawa. Kakan murza baƙin mai tsakanin yatsunka, ka ɗaga a rana. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, sai ka ce da mai motar ya ajiye ta yau, ba gobe ba.

Ba ka iya lallashi ba, wannan kowa ya shaida. In mutum ya bar motarsa ta yi wata shida ba a juye mata mai ba, a gaban kowa za ka tambaye shi ko haka yake yi wa iyalinsa. Da yawa sun tafi da fushi. Da yawa kuma sun dawo.

Ina wurin ranar da Abbagana, direban tsohuwar Landiroba da take jigila tsakanin Yusufari da ƙauyukan cikin rairayi, ya kira ka a waya da tsakar rana. Mota ta mutu masa tsakanin tudu biyu, ba inuwa, ba ruwa sai jarka ɗaya, ga mata da wata tsohuwa marar lafiya a ciki. Ka ce ya kai wayar kusa da injin ya murza makulli. Ka saurara. Ka ce ya sake. Sannan ka tambaye shi ko akwai mai ashana a cikin fasinjansa. Ka sa ya buɗe murfin da wayoyin fulogi suke fitowa, ya goge 'yan ƙarafa biyun nan da suke ba da wuta da gefen kwalin ashanar. Muna zaune muka ji ta tashi ta cikin waya, muka ji matan suna guɗa. Kai kuwa ka ajiye wayar, ka koma kan aikinka, ko murmushi ba ka yi ba.

Da rani, ranar da ba ka da aiki da yawa, kakan hau babur ka shiga fadama wurin masu noman shinkafa da tattasai, ka duba musu injin ban-ruwa. Wanda ya ba ka albasa ka karɓa, wanda ya ba ka addu'a ka karɓa. Akwai gonakin da ba don kai ba da sun ƙone a tsaye. Masu su suna nan da ransu.

To, ga abin da ya faru, tun da ba wanda ya faɗe shi a rumfar makoki.

Filin da rumfarka take na Alhaji Jumare ne, ɗan kasuwar nan da kakanninsa suka zo daga Kano. Mahaifinsa marigayi ne ya ba ka wurin ka kafa rumfa, shi ne kuma ya damƙa maka baƙar Marsandinsa ka riƙa kula da ita. Da ya rasu, ɗan ya gaji filin, ya gaji motar. Sama da shekara ashirin kana riƙe da ita, ka san numfashinta kamar na 'yarka. A farkon 2021 ka fara jin bugun nan daga ƙasa. Sau uku kana gaya wa Alhaji cewa ƙarafan da sandar injin take juyawa a kansu sun cinye, sai an sauke an canja. Sau uku yana cewa sai wani lokaci.

Da damina ta faɗi, sai ga labarin wani dattijo a Kano mai sha'awar tsofaffin motoci, ya ji labarin Marsandin, yana so ya saya. Alhaji ya zo rumfarka da kansa. Kai ka ba ni labarin yadda kuka yi.

"Mudi, ka zuba mata mai mai kauri, ka rufe mata baki na yini ɗaya. Ranar Asabar mutumin zai zo."

"Alhaji, in gyara kake so, ba ni kwana goma, za ta tashi kamar sabuwa. Rufe baki kuwa ba aikina ba ne."

Ya tafi, ya sami wanda ya yi masa.

Ranar Asabar ɗin ina rumfarka, na kawo Fijo a juye mata mai. Saboda haka abin da zan faɗa yanzu ba ji na yi ba, gani na yi. Dattijon ya zo, ya zagaya motar, ya ji tana aiki lumui, ya ji daɗi. Amma tun daga Kano an ba shi sunanka, ya ce ba zai yanke magana ba sai Mudi ya saurara. Ba yadda Alhaji zai yi, suka taho da ita ƙofar rumfar. Na ga ka yi ƙoƙarin zamewa. Ka ce motar maigidanka ce, ya nemi wani. Dattijon ya dube ka ya ce, "Malam Mudi, na haɗa ka da Allah. Ni zan tuƙa ta zuwa Kano, kuma iyalina zan riƙa ɗauka a ciki. In ka san wani abu, ka gaya mini."

Ka dubi dattijon, ka dubi motar. Sannan ka tashi, ka zaro ƙarfen auna mai, man ya biyo shi yana nauɗewa kamar zuma. Ba ka kalli Alhaji ba. Ka ce a bar ta tana aiki har ta yi zafi. Muka tsaya cirko-cirko, mutane suna ƙaruwa. Da man ya yi zafi ya saki, ka sa hannu ka ja totur, ka saki. Sai ga bugun ya fito daga ƙasa, mai nauyi, kamar ana daka a gida na uku. Kowa ya ji. Ni ma na ji.

Dattijon ya yi godiya, ya shiga motar da ta kawo shi. Alhaji ya ce, "Mudi, haka muka yi da kai?" Ka ce, "Ba mu yi komai da kai ba, Alhaji. Na gaya maka."

Ba a yi mako uku ba aka aiko maka cewa ana bukatar filin. Aka rushe rumfar da ta fi shekara talatin a tsaye, aka gina shaguna. Wannan haƙƙin mai fili ne, ba wanda zai ce ya ci naka. Kai ma ba ka ce ba. Abin da ya biyo baya ne zalunci. Bayan wata guda Marsandin ta kama a hanyar Hadejia, injin ya cije, bai sake tashi ba. Sai magana ta fito daga majalisar Alhaji cewa kai ka kashe ta. Wai tsufa ya cinye kunnenka, ka shekara kana kwance abin da ba shi ne matsalar ba, da ka ga asirinka zai tonu sai ka kunyata maigidanka a gaban baƙo. Ko yaro ya duba maganar zai ga ba ta haɗu ba. In kunnenka ya mutu, yaya aka yi ka ji abin da kowa bai ji ba? Amma ba wanda ya duba. Direbobin da suke ɗaukar kayan Alhaji suka fara janyewa, 'yan kasuwa suka bi, sauran jama'a suka bi 'yan kasuwa. Ka koma gindin bishiyar maina da take ƙofar gidanka, kana gyaran janareto da injin niƙa, kai da ake turo wa motoci daga Dapchi da Hadejia.

Ni fa? Ɗana Suhaib yana riƙe wa Alhaji Jumare babban shagonsa na Nguru, da shi yake ci da matarsa da 'ya'yansa. Na gaya wa kaina Nguru ta yi nisa, mai ya yi tsada, shekaru sun ja. Na fara kai Fijo wurin wasu samari a Gashua masu na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ranar farko suka zagaye ta suna neman inda za su jona, ba su samu ba, don lokacin da aka ƙera ta ba a san da wannan ba. Muka yi dariya tare da su. Duk da haka na bar musu ita.

Da a nan na tsaya, da na ce tsoro ne kawai. A wani ɗaurin aure a Gashua, muna zaune a kan tabarma, mutum ya fi ashirin, aka ɗauko zancenka. Alhaji Jumare, wanda shi ma yana wurin, ya waiwayo ya ce, "Ga Malam Mahmud nan, amininsa ne. Malam, kai ma ai ka daina kai masa motarka, ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne."

Kalma biyu. Ban yi ƙarya ba, na daina ɗin. Amma na san abin da yake so su fahimta, na kuma bar su suka fahimta. Ni da na tsaya a ƙofar rumfarka na ji bugun nan da kunnena. Shekara talatin da biyar ina bugun 'ya'yan mutane a kan su faɗi gaskiya, ranar da aka tambaye ni tawa, na duba fuskar mai shago na ba shi abin da yake so.

Shekara huɗu ban taka ƙofar gidanka ba. Ina shiga Nguru wurin jikokina, in bi ta wata hanya. Na ji ƙafafunka sun fara kumbura, na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da harkata. Wannan ciwo na ƙoda ya ɗauke mana mutane da yawa a ƙasar nan, har mun saba jin sunansa kamar sunan maƙwabci.

Ranar Laraba, 14 ga Mayu, bayan Azahar, waya ta shigo. "Baba Malam, Rumaisa ce, 'yar Mudi." Ta ce jikin ya yi tsanani, kana so a kawo ka Gashua wurin likitan da ya saba duba ka, kusa da gidan aurenta. Ba ka iya zama a motar haya, sai dai a kwantar da kai. Ta ce ta lissafa maka sunayen masu mota ɗaya bayan ɗaya kana girgiza kai, sai a ƙarshe ka ce, in dole sai an roƙi wani, a kira Malam Mahmud.

Da sassafe ranar Alhamis na iso. Ban gama tsayawa a gindin mainar ba na jiyo muryarka daga zaure, ta dishe amma ita ce: "Wa ya taɓa mata kafireta?" Da wannan ka tarbe ni bayan shekara huɗu. Na shiga na same ka a kan tabarma, fuska ta kumbura, ƙafafu kamar turame, hannuwan nan masu ƙarfi sun zama fata da ƙashi. Na kasa gaishe ka yadda ya kamata. Muka ɗauke ka ni da mijin Rumaisa, muka kwantar da kai a kujerar baya, kanka a cinyar Ya Meram.

Rana ta buɗe tun kafin mu bar gari, zafin bazara irin wanda kwalta take narkewa. Mun wuce Jajimaji da kaɗan sai ka ce, "Tsaya, Malam." Ya Meram ta ɗauka amai ne, ta jawo roba. Ka ce, "Kashe ta. Yanzu." Na ce saura kaɗan mu isa, ka daure. Ka ce, "Ba ni ba ne. Ita ce. Samanta ya bushe, mai ba ya hawa."

Wallahi ban ji komai ba. A raina na ce zafin ciwo ne. Na tsaya ne kawai don kunyar ƙin bin maganarka. Na buɗe gaba, na zaro ƙarfen auna mai, sai can bakin tsininsa ne ya jiƙe. Na durƙusa na leƙa ƙasa, ga baƙin mai yana ɗiga ɗaya-ɗaya daga notin juye mai, samarin da suka juye mata mai makon da ya wuce ba su ɗaure shi sosai ba. Da mun ƙara tafiyar mil biyar, da injin ya cije da mu a tsakiyar daji, cikin wannan rana, da kai a kwance. Daga inda kake, ido a rufe, ka gaya mini lambar sufanar da zan ɗauka. Na shiga ƙarƙashinta da babbar rigata, ina da shekara saba'in, na ɗaure.

Wata motar itace ta tsaya mana, direban ya ba mu mai. Ya leƙa baya ya gan ka, ya ce, "Kai! Oga Mudi ne wannan? Ai an ce ya kurumce." Ba ka buɗe ido ba. Ya Meram ce ta dube ni.

Kafin in tayar da mota na juyo na ce, "Mudi, akwai maganar da nake so in gaya maka."

Ka ce, "Ta ɗaurin aure? Tun ranar aka kawo mini ita."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ka buɗe ido, ka dube ni. Sannan ka ce, "Na kowa bai dame ni ba, Malam, su ba su ji ba. Kai ka ji." Ka numfasa. "Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ja mota, rana tana yi."

Kwana uku ka yi a asibiti. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ciwon ya riga ya yi nisa. Kullum ina zuwa, in zauna a kan benci a bakin ƙofa. Ba mu sake yin maganar ba. A cikin masu motocin da ka tayar, da masu gonakin da ka ceta, Abbagana kaɗai na gani. Ya taho tun daga Yusufari da ƙwaryar nono, ya tsuguna a gefen gadonka yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ranar Lahadi da hantsi, Rumaisa tana riƙe da hannunka tana maimaita maka kalmar shahada, ka cika.

Jana'izarka kuwa ta cika maƙil. Motoci har bakin titi. Alhaji Jumare yana sahun gaba. Washegari ya zo zaman makoki da buhun shinkafa, ya zauna a tsakiya, ya ce da babbar murya, "Irin su Mudi sun ƙare. Mutum ne da ba ya tsoron faɗar gaskiya ko a gaban wa." Jama'a suka ce ƙwarai, haka ne. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sunkuyar da kai. Na so in miƙe in yi magana, sai na tuna wurin makoki ne. Wataƙila kuma tsoron nan ne dai bai sake ni ba. Shi ya sa na rubuta, na sa sunana, don kada in sake samun wurin ɓuya. Na gaya wa Suhaib kafin in rubuta. Ya ce in rubuta, Allah ne mai ciyarwa. Ɗana ya fi ni.

To ga shaidata, ko da ta zo a makare. Mudi bai kashe Marsandin kowa ba. Ya faɗi ciwonta sau uku, aka ƙi ji. An nemi ya yi ha'inci ya ƙi, an haɗa shi da Allah ya faɗi gaskiya, saboda haka aka raba shi da wurin neman abincinsa, aka ɓata masa suna. Kunnensa bai taɓa mutuwa ba. Kwana uku kafin ajalinsa ya ji abin da ni mai lafiya, ina riƙe da sitiyari, ban ji ba.

Ranar sadakar uku na nemi izini na shiga gaishe da Ya Meram. Na same ta a kan tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Na ce mata ina fata Mudi ya yafe mini. Ta ce, "Ya yafe, Malam. Ya gaya mini tun muna asibiti, ya ce kowa da kowa, har Alhaji." Ta ja carbinta kaɗan. "Shi ke nan. Ni ce na shekara huɗu ina kallonsa a gindin bishiya yana jiran motar da ba za ta zo ba. Ni ban kai nan ba tukuna." Ban roƙe ta ba. Ba ni da bakin roƙo. Wanda duk ya san ya taɓa maimaita maganar nan, ko a tasha ko a majalisa, ya san ƙofar gidan. Ba buhun shinkafa ake jira ba.

Ya Allah, ga bawanka Mudi ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka ba shi sauƙin amsa tambaya. Gaskiyar da ya riƙe har ta raba shi da rumfarsa, ka sa ya same ta a mizaninsa da nauyi. Ka sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ka sa Aljanna Firdausi ce gidansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ya Meram, da Rumaisa da mijinta, da jikokinsa, da danginsa na bakin kogi a Gashua, da Abbagana, da 'yan kaɗan ɗin da ba su juya masa baya ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku, ya sanyaya zuciyar da muka ƙona. Mu kuma da muka ji muka yi shiru, Allah ya ba mu ikon tuba kafin tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Mahmud, tsohon malamin firamare, Gashua.